Kusoshi Masu Jan Fenti

Sun shirya ne a tsaye, a ƙofar shago. Kofur ya ce a faɗi kuɗi. Dalma mai gyaran rediyo ya ce ba ya son ko sisi daga ƙanin matarsa, ladansa ɗaya ne: a bar shi ya buɗe cikin abin ya gani da idonsa. Kofur ya ce ya yarda. Sannan ya kwance bakin buhu, ya fito da oba-obar soja, rediyon magana irin wadda ake goyawa a baya.

Dalma ya share tebur da hannun rigarsa, abin da bai taɓa yi wa rediyon kowa ba. Tun yana saurayi yake farke cikin rediyo da talabijin, amma irin wannan daga nesa kawai yake hangenta. Ya ɗaga, ya ji nauyi. Ya shafa, bai sami inda tsinin allura zai shiga ba. Kowace kafa da murfinta na roba, kowane murfi da 'yar sarƙarsa don kada ya ɓata.

"Wanda ya ƙera wannan yana tsoron Allah," in ji shi a hankali.

Kofur ya zauna a kan wata matacciyar talabijin yana bayani. Gobe ake duba kaya a bariki, ita kuwa ta yi shiru tun jiya. A wurinsu, in ji shi, gyara hawa-hawa ne. Mai goyo aikinsa ya goge, ya duba batir da eriya, shi ke nan. In ta fi ƙarfinsa sai makanikin bataliya, mai canza wayoyi da maɓallai. In ta gagari wannan, sai babban ɗakin gyara na hedkwata, inda ake shiga da farar riga, ƙura ma ba ta da izinin shiga. Su kaɗai ke buɗe cikinta. In sun rufe sai su ɗiga jan fenti a kan kowace kusa.

Dalma ya tambaye shi me ya hana shi kai wa na bataliyar. Kofur ya ce saje ya riga ya yi masa kashedi kan sakaci, in ya sake kai ta igiya ɗaya ta muƙaminsa ta tafi. In kuma aka ga fentin ya fashe, duka biyun ne, har da kulle a gadirum. Amma ya sayo jan fenti a hanya, ko Allah zai sa a dace.

"Kai da ko takalminka sai yayarka ta tuna maka," in ji Dalma.

"Yaya, yi aikinka, ka bar tone-tone."

Dalma ya ɗauko sukundireba. Kamar yadda ya saba kafin ya buɗe komai, ya fara zare batir. Nan ya gani: bakin ƙarfen da batir ke taɓawa ya yi kore shar da tsatsar gumi. Ya san ciwon ke nan, babu wani. Ya saci kallon Kofur. Shi kuwa ya juya baya yana gadin ƙofa, wuyan rigarsa ya jiƙe.

Ba wanda zai san cewa ba sai an buɗe ta ba. Ya ɗora bakin sukundireba a kan kusar farko. Ɗigon fentin ya zauna daram, ba kauri, ba zuba, hannun wani gwani da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Ya dubi gwangwanin da Kofur ya sayo. Ko makaho ba zai ruɗu da wannan jan ba.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye sukundireba, ya ɗauki tsohon buroshin haƙori da ɗan fetur, ya goge ƙarfen har ya yi ƙyalli, ya mayar da batir, ya murɗa.

Ta yi tsaki, ta yi shuu. Sai ga muryar wani mutum daga wata duniya can, tar kamar yana tsaye a cikin shagon, yana kiran lambobi. Tela na maƙwabta ya tsayar da kekensa.

Kofur ya yi wuf ya kashe ta, ya rungume. Da ya ji inda ciwon yake sai ya sunkuyar da kai, don aikin mai goyo ne, nasa. Ya ce cikin sanyin murya, alkawari dai alkawari ne, in Yaya na so ya buɗe.

"Ɗauke ta ka tafi kafin in canza ra'ayi."

Kofur ya tsira da igiyoyinsa biyu, bai biya komai ba. Dalma ya tashi da gwangwanin jan fenti da ba shi da abin shafa wa, kuma har yau bai san abin da ke cikinta ba.