Cigiyar Mai Manhaja

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama sauke ni ba.

Na gan ni da rana tsaka a kan tsohon babur ɗina, wanda na sayar shekara tara da suka wuce. A aljihun gaban rigata akwai na'urar Yaya Tabawa. Wannan kam ba aikin mafarki ba ne, ko a farke nan take zama. Ƙaramar kwamfutar hannu ce, ba ta fi tafin hannu ba, mai koren gilashi da ɗan tsinken roba da ake rubutu da shi. Wata ƙungiyar lafiya ce ta raba wa ungozomomi irinta shekara ashirin da wani abu da suka wuce, yayata kuwa ita ce ungozomar garinmu. Duk haihuwar da ta karɓa tana ciki, dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha ɗaya, da suna da rana da ɗan abin da ta ga dama ta ƙara. Ni nake kai Yaya a babur, ni kuma ta bar wa na'urar da za ta rasu. Har gobe duk mai neman ranar haihuwarsa don cike takarda, a ƙofar gidana yake sallama.

Riƙonta ba wasa ba ne. Ƙananan batir biyu take ci duk mako uku, kuma in ka zare tsofaffin, minti ɗaya gare ka ka zura sababbi, in ka wuce haka komai ya goge. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa wuce minti ɗayan nan ba. Sai bana wani baƙin tabo ya ɓullo a kusurwar gilashin yana yaɗuwa, har ya cinye layi biyu. Na kai wa mai gyara ya kwashe sunayen zuwa sabuwar kwamfuta, manhajar da ke cikin na'urar ta ce lasisinta ya ƙare, a nemo izinin mai haƙƙin mallaka. Kamfanin da ya yi ta kuwa ya mutu tun tuni. Mai gyara ya ce a fasa makullin kawai a huta. Na ce ni ban taɓa fasa makullin wani ba, ba kuma da furfura zan fara ba. Na ɗauko abata na dawo gida.

To, a mafarkin, mai haƙƙin nan nake nema.

Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa. Ɗigo-ɗigo yake fitowa ta tsakanin tsakuwa, ya bi ta gefen kunnena ya wuce sama, rana tana haska shi. Mata sun rataye bokitai a kife a jikin igiyar shanya suna tarawa. Na kashe babur na saki baki. Tunda nake ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba.

Sai ga ni a wani ofis. Wata jar akuya ce a kan kujera, sanye da tabarau. Duk takardar da aka miƙa mata sai ta karanta a tsanake sannan ta cinye. Haka suke adana fayil a can, kuma an ce ba a taɓa neman ko ɗaya an rasa ba.

"Baba, me ke tafe da kai?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, mai wannan manhaja nake nema."

"Saye ka yi?"

"A'a."

"Gado ka ci?"

"Na'urar na gada. Abin da ke motsa ta a ciki ban san na wane ne ba."

"Tsintuwa ke nan. Ka yi cigiya?"

Kunya ta rufe ni. Ni da ko wuƙar yankan farce na tsinta sai na sa an yi shela a ƙofar masallaci, ga shi na kwana da kayan mutane a aljihu shekara da shekaru ban buɗe baki ba.

"Je ka kasuwa ka yi cigiya shekara guda," ta ce. "Wanda ya faɗi alamarta daidai, tasa ce."

"Shekara guda? Ai kafin nan tabon ya cinye gilashin."

"Shekararmu ba ta kai daga azahar zuwa la'asar ba."

Kasuwar ta tsofaffin na'urori ce, kuma su ne da kansu ke cin ta. Talabijin mai ƙusumbi yana taya wani keken ɗinki zare. Wata rediyo mai kaset ta hango aljihuna, ta rusuna ta ce, "Hajiya, ashe kina nan da ranki?" Na ji na'urar ta ɗan yi ɗumi a ƙirjina. Na hau kan wani turmi na ɗaga murya: "Jama'a, cigiya! Wa ya yar da manhaja?" Teburin akuyar ya tako da ƙafafunsa ya tsaya kusa da ni, tana kai.

Wanda ya fara fitowa wata baƙar kwat ce, an goge ta tsaf, ba kowa a cikinta.

"Tamu ce," in ji kwat. "Mu muka sayi kamfanin da ya sayi kamfanin da ya haɗiye wanda ya yi ta."

"Faɗi alama," in ji akuya.

"Tana shafi na ɗari tara a jerin kadarorinmu."

"Wane aiki take yi?"

Kwat ta laluba aljihunanta. Takardu suka zubo suka bi ruwa sama. Ni dai na gaji, na ce, "To in taku ce, ku ba ni izini mana in kwashe sunayen."

"Ba mu da ma'aikacin da ke ba da izini," ta ce. "Mai hanawa kaɗai ya rage mana."

Bayanta sai wani tsoho ya matso, ba ɗan ƙasarmu ba ne, amma Hausa a bakinsa garau. Ya karɓi na'urar da hannu biyu.

"Ni na rubuta ta," ya ce. "Alamarta, in aka shigar da tagwaye sai ta yi ƙara sau biyu. Ba wanda ya sa ni, ni ma tagwaye gare ni."

Sau nawa na ji wannan ƙara a bayan babur, Yaya tana dariya tana cewa na'urar ma ta yi barka. Ban taɓa kawowa a raina cewa wani mutum ne a wata uwa duniya ya zauna ya saka ta don murnar 'ya'yansa ba.

"An ce min shekara uku za ta yi a jefar," ya ce, yana shafa gilashin. "Wa ya raya ta haka?"

"Ni ne, Malam. Makullin fa?"

"Ni na sa shi, wata ranar Alhamis, don maigidana ya ce in sa. Mabuɗin na bari a aljihun tebur, teburin kuma aka yi gwanjonsa."

"To ka yafe min in fasa."

"Da nawa ne da na yafe. Na sa hannu na sallama tun ina saurayi."

Nan tabon ya fara ɗiga daga gilashin kamar tawada. Akuya ta gyara tabarau ta ce saura masu abin da ke ciki. Kafin ta rufe baki kasuwa ta cika maƙil. 'Yan garinmu ne, duk na san su. Ga Sallau direban tifa, ga Laraba da ta fara koyarwa bana, ga tagwayen gidan Mati. Kowanne yana rungume da jariri, kuma jaririn shi ne da kansa ranar da aka haife shi. Waɗanda ba su yi tsawon rai ba su ma sun zo, ruwan ne ya tallafo su a hankali. Na sauko daga kan turmi.

"Ilu, tun ɗazu nake jiranka."

Yaya Tabawa ce zaune a bayan babur ɗina, da jakarta a cinya, kamar an aiko kiranta.

"Ta ɗari shida da goma sha biyu," ta ce wa akuya. "Mace. Ana ruwa. Uban ya kayar da mu a kwata, ya zauna yana kukan da ya fi na mai naƙuda."

'Yata Hansai ke nan. Haka yake a rubuce, ba ragi.

"Yaya, makulli ne ya hana ni kwashewa," na ce.

"Ya hana ka karantawa?"

"A'a."

"Ya hana ka riƙe biro?"

Na sunkuyar da kai.

"Ko suna ɗaya kake kwafa a rana, da tuni ka gama har ka maimaita. Kai dai faɗi gaskiya."

Na faɗa, don a can ba a iya ƙarya. "In na kwafe su, Yaya, wa zan riƙa canja wa batir? Minti ɗayan nan da nake zare tsofaffin, ji nake numfashinki ne a hannuna."

Ta dube ni irin duban da take min tun ina yawo ba wando. "Shirmenka dai bai tsufa ba. Manhaja ta masu ita ce, su je can su ƙarata. Sunayen nan kuwa ga masu su a tsaye. Ni ba a cikin batir nake ba, Ilu. Kada ka bari baƙin nan ya cinye min yara don kana kewata."

Akuya ta buga kofato a tebur, ta rubuta hukunci, ta cinye. Jama'a suka fara tashi sama tare da ruwan, kowa da jaririnsa. Yaya ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna min aljihuna. Tit. Tit. Tit.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ana shara a tsakar gida, na'urar tana kuka a gefen filo, batir ya yi ƙasa. Na zare, na zura, ban kai rabin minti ba. Tabon ya ɗan ƙara ci. Na ƙwala wa Hansai kira na ce ta kawo min biro da sabon littafi mai kauri.

"Na mene ne, Baba?"

"Zauna ki riƙa karanto min."

Na farko namiji ne, ranar Talata, Yaya ta ƙara da cewa ya zo da ihu kamar an taka shi. Na rubuta. Saura dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma.