Shafin Kato

Nabbosa ba nas ba ce. Aikinta a ƙaramin asibitin garinsu katuna ne da wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin markaɗe. Amma da yake tana sa farar riga, mutanen ƙauye Musawo suke ce mata, yadda suke kiran duk mai duba marasa lafiya, ita kuwa ba ta taɓa gyara musu ba. Daɗi ma take ji.

Abin da ya ƙara fasa mata kai wata dabara ce da ta yi. Da can, in sakamakon gwajin jinin yara ya dawo daga birni, sai Sista Kyolaba ta kwafi suna daga jerin da ke allo, ta rufe jerin, ta buɗe fom, ta shiga lalube tana tsaki. Nabbosa ta yi kwana biyu tana ƙwaƙule-ƙwaƙule har ta haɗa su: ka latsa sunan yaro a jerin, shafinsa ya buɗe nan take. Da lambar katin uwa ta ɗaure su, don ita ce lambar da kowa ya sani. Ta gwada suna ashirin, duk suka buɗe daidai. Sista ta ce ashe kan nan ba don kitso kaɗai aka yi shi ba, ta saya mata katogo, wato faten ayaba, cike da kwano, har da tumbi a ciki.

Cikin suna ashirin ɗin nan babu ɗan tagwaye ko ɗaya.

Ranar wata Laraba da hantsi tana haɗa rahoton wata, gasasshiyar ayaba a hannun hagu, ta latsa sunan Kato, ɗan Nakiwala, wadda ake kira Nnalongo, wato uwar tagwaye. Shafi ya buɗe da sunan uwar ɓaro-ɓaro a sama, jini sha ɗaya, lafiya lau. Har za ta rufe sai idonta ya sauka kan ƙaramin rubutun da ke ƙasa, inda sunan yaro yake. Wasswa. Ta koma jerin ta sake latsa Kato, Wasswa, wansa ɗan tagwaye, ya sake fitowa. Ai kuwa dole: uwa ɗaya, kati ɗaya, kwamfuta ta ɗauko su biyun, ta sa babba a gaba kamar mai ladabi. Can a lungun allo, inda ba mai kallo, an rubuta ɗaya cikin biyu.

Ta danna kibiyar da ke kusa. Shafin Kato ya fito, jininsa huɗu, da jan rubutu cewa a kai shi babban asibiti a ƙara masa jini cikin gaggawa. Ta duba kwanan wata, ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Kwana tara.

Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta. Ta samu Sista a ɗakin allura ta jawo ta gaban allo. Sista ta daɗe tana kallo kafin ta zauna a kan benci, ita da ba ta zama lokacin aiki.

"Na tuna uwar," in ji Sista. "Ta zo da shi idonsa fari fat. Na latsa, na ga sha ɗaya, na ce mata jini ya isa, ta koma gida. Har na tsokane ta cewa tagwaye sun mai da ita matsoraciya."

"Ba ke ba ce, Sista. Ni na haɗa abin."

"Ki bar wannan tukuna. Nemo wayarta."

Wayar a kashe take. Sista ba ta da halin barin mata talatin da ke layin awo, don haka Nabbosa ta tare ɗan boda-boda, wato ɗan acaɓa, a bakin ƙofa. Mutumin ya so hira, yana tambaya ko miji aka kama a ƙauye ake wannan sauri, ta ce ya ja bakinsa ya ja babur. Duk hanyar nan ta jar ƙasa tana tsara abin da za a yi: ta goya yaron, su wuce birni kai tsaye, in jininta ya dace a ɗebi nata. Tana yi tana zagin kanta. Gyaran fa ba zai ci minti biyu ba, kowane yaro yana da tasa lambar a cikin kwamfutar, son sauƙi ne kawai ya hana ta amfani da ita.

Gidan yana cikin gonar ayaba. Ta sauka ta kasa kunne, ba kuka, ba kururuwa. Da wani gida ne, da ta yi ajiyar zuciya. Amma ita ma 'yar ƙasar ce, ta san ba a yi wa tagwaye kuka, ba a ma ambaton mutuwa a kansu. Ta ga mata biyar zaune a tabarma da rana tsaka suna ɓare matoke, ayabar dafawa, abincin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, kuma ba mai hira a cikinsu.

Nakiwala ta fito da Wasswa a goye. Ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi aiki, ta tambayi Sista, ba ta tsallake komai ba. Sannan ta ce, "Kato ya yi tsalle, Musawo. Shekaranjiya."

Nabbosa ta san haka ake cewa in ɗan tagwaye ya rasu. Uwar ce ma ta shiga lallashinta, wai sun yi iya ƙoƙarinsu, ai har a na'ura aka duba mata, abin da ya zo ba na asibiti ba ne. Ta sa aka kawo kujera, aka kawo shayi. Nabbosa ta ga hanya a buɗe: ta sha shayin, ta yi sallama, ta koma ta gyara lambar, shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani a gidan nan. Kuma gaskiya ta so ta bi hanyar.

"Tunda Allah ya kawo ki," in ji Nakiwala, "gwajin Wasswa fa? Ranar nan hankalina yana kan ƙanensa, ban tambaya ba."

"Nasa lafiya lau, Nnalongo. Sha ɗaya ne."

Matar ta kai hannu baya ta dafa yaron, ta kwance zanin, ta juyo da shi gaba ta ja fatar idonsa ƙasa tana leƙawa.

"Sha ɗaya," ta ce a hankali. "Haka Sista ta ce na Kato. Musawo, kenan shi ma binsa zai yi?"

Matan tabarma suka tsayar da wuƙaƙensu. Nabbosa ta ajiye kofin a ƙasa, ta cire farar rigar ta ninke, ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban matar.

"Nnalongo, ni ba Musawo ba ce," ta ce. "Kuma na Kato ba sha ɗaya ba ne."