Alamar Alli a Bangon Auta

Auta ce ta tsaya da mota a ƙofar gidana, wai in zo in taya ta zaɓen injin shara. Na ce injin me?

"Na zuƙe ƙura, Yaya. Ba irin wanda ake ja ba fa. A gareji ake kafe shi, bututunsa ya bi ta cikin bango, kowane ɗaki da bakinsa. Tiyo kawai za ki soka, ƙura ta tafi."

Oh ni! Yarinyar da na goya, wadda ko ɗakinta ba ta taɓa sharewa tas ba. Na dai shiga motar, raina a jagule. Sabon gidan da take ginawa ya tsone mini ido, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da ya fi ci mini rai Umma ce. Tun rasuwar Baba tana wurina. Tana da asma, kullum sai na yayyafa ruwa a ɗakinta kafin in ɗora tsintsiya. To tunda Auta ta fara gini take zancen gidan da babu ƙura a gaban Umma, ni kuwa na san inda ta dosa.

Da muka isa wurin ginin, mun tarar ba a yi filasta ba tukuna, ko'ina siminti. Mai haɗa injin yana jiranmu, wani dogo da alli a bayan kunne. Ya ce iri biyu ne. Ɗaya yana tara datti a jaka, iskar ta dawo cikin gareji. Ɗayan kuma ana huda masa bango, ya fitar da iskar waje gaba ɗaya.

"Hajiya, yau za a yanke fa," in ji shi. "In aka shafe bango, sai dai a fasa."

Na taɓe baki. "In ya toshe fa? In aka ɗauke wuta fa? Ke Auta, ki sayi tsintsiya ki huta."

Ta yi dariya, ta ce mai fitar da iska waje take so. Ban tambayi dalili ba, don na san dalilin yana gidana yana tari.

Muka bi shi ɗaki ɗaki yana zana alama a inda bakin bututu zai zauna. Da muka iso wani ɗaki a ƙasa, mai taga biyu da banɗaki a ciki, sai Auta ta hau gyaran mayafi, ta ƙi kallona. Na ce a raina, yi ta gininki. Umma ba ta iya barci sai ta ji motsina a tsakar gida, ba inda za ta.

"Nan fa ina za a sa?" na tambaya da gangan. "Ko ba ki san ta ina mai ɗakin za ta sa gado ba?"

Mai haɗa injin ya nuna gefen ƙofa. "Ai nan an gama. Mama da kanta ta zana, ranar da ta zo. Ta ce gadonta can kusa da taga, kada a sa mata a bayansa."

Na duba. Wani ɗan da'ira ne a karkace, ƙasa ƙasa, daidai inda hannun Umma zai kai ba tare da ta miƙe sosai ba.

"Yaya, dama muna so mu gaya miki..." Auta ta fara.

Ban ji sauran ba. Makon jiya na tuna, da Auta ta ɗauki Umma wai za su ga likita. Umma ta dawo takalmanta fari fat da ƙura, har ina faɗa ina cewa wane irin asibiti ne wannan ba a sharewa. Umma kuwa tana ta jan carbinta. Ni na zauna a bakin famfo na wanke mata su da hannuna.