Mun Ƙoshi, Gwaggo

"Mama, wannan ce furar da kika ce idan an ba mu mu ce mun ƙoshi?"

Haula ce ta yi tambayar, da ƙarfi, tana nuna ƙwaryar da yatsa. Shekararta biyar, ba ta iya raɗa ba tukuna.

Hannun Gwaggo ya tsaya a kan faifan da ta fara ɗagawa. Mudi, mijin Na'ima, wanda ke tsugune a bakin tabarma bai gama gaisuwa ba, ya hau laluben aljihu kamar wayarsa ce ta yi ƙara. Na'ima kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta janyo yarinyar ta matse mata hannu.

"Ke, wa ya gaya miki haka?"

"Ke mana. A mota. Kika ce ko ruwan randa kada mu sha, cikinmu zai yi ciwo irin na Siddiq."

Gwaggo ta mayar da faifan ta rufe ƙwaryar a hankali, ta daidaita shi har sai da ya zauna daram.

"To, madalla," ta ce. "Wanda ya ƙoshi ai ya gode wa Allah. Ya hanya? Tirelolin nan sun bar ku kun wuce?"

Da faɗa ta yi, da ya fi wa Na'ima sauƙi. Gwaggo ƙanwar mahaifinta ce, ita ta ɗauke ta tana goye bayan rasuwar mahaifiyarta, ta raine ta a wannan gida da ke bayan Gidan Kwano, da nonon shanun nan da ruwan randar nan, har ta kai ta ɗakin miji a Tunga.

Amma Na'ima tana da nata dalili. Zuwansu na ƙarshe, da Babbar Sallah, a hanyar komawa ƙanin Haula, Siddiq, ya fara amai da gudawa, yaron da ko yaye shi ba a daɗe da yi ba. Kafin gari ya waye idanunsa sun faɗa. Ta zauna a bakin gadon asibiti tana riƙe da ɗan hannunsa ana neman jijiyar da za a sa ƙarin ruwa, ana soka ana cirewa. Likita bai kama sunan kowa ba, cewa kawai ya yi a kula da ruwan da yaro ke sha. Ita ce ta ɗaura wa ranta cewa ba za a sake ba.

Shi ya sa yau Asabar tun bayan sallar asuba take tsaye. Ta yi wa yara wanka, ta shanya wanki, ta dafa taliya ta zuba a kula, ta sa Mudi ya cusa katan ɗin ruwan roba a but ƙarƙashin jakar kayan kwana. A cunkoson Kpakungu, mota na tafiya kamar hawainiya, ta waiwaya baya ta fara yi wa Haula darasi. Mudi ya ce, "Maman Haula, ki bar koya wa yarinyar nan magana, rediyo ce fa." Ta ce masa ya kula da ramukan titi, ita ta san abin da ta gani a asibiti.

Yanzu ga shi rediyo ta kama tasha.

Aka ci gaba da hira, sai dai hirar ba ta da gishiri. Gwaggo ta tambayi shagon Mudi, ta tambayi makarantar Haula, ta yi wa Siddiq wasa daga nesa ba ta miƙa hannu ta ɗauke shi ba. Can ta tashi da ƙwaryar ta yi waje. Da yaran suka fara kukan yunwa, Na'ima ta ɗauko kular daga mota a ɓoye cikin mayafi, ta ba su taliyar a ƙuryar ɗaki kamar kayan sata.

Da ta zagaya bayan ɗaki wanke kwano, ta tarar da Kubura, matar Ya'u ɗan Gwaggo, tana hura wuta. A gefen murhu ga tulin ledojin fiya wata, duk an yanke musu baki an juye. Sun yi yawa a ce sha aka yi.

"Baƙi kuka yi ne?" Na'ima ta tambaya.

Kubura ta ɗago, idonta ja saboda hayaƙi. "Mun yi mana. Manyan baƙi daga Tunga, masu ƙoshi."

"Kubura, don Allah."

"Yaya Na'ima, tun jiya muke shan faɗa a gidan nan saboda ku. Ta tasa Ya'u ya hau mashin har bakin jami'a ya ɗauro buhunan ruwan nan. Da shi aka dafa furar, da shi aka dama. Madarar ma da kanta ta tafasa, ta hana ni taɓawa, wai hannuna na taɓa akuya. Ƙwarya sabuwa, ludayi sabo. Randar ma wanke ta aka yi aka juye ruwan leda a ciki, don ya yi sanyi yadda kike so tun kina yarinya. Ko ƙuda ya zo wucewa sai ta bi shi da mafici."

Kwanon ya kusa suɓuce wa Na'ima. "Ta san abin da ya sami Siddiq ke nan?"

"Wa bai sani ba? Ranar da aka ce yana asibiti ko tuwo ba ta ci ba."

"To me ya hana ta gaya mini?"

Kubura ta yi 'yar dariya. "Gwaggo? Ta buɗe baki ta ce miki yau ta yi tsabta? Ai kamar ta ce da can ƙazanta take ba ku ke nan. Jira take ku sha ku tafi lafiya, shi ke nan."

Na'ima ta ajiye kwanon ko ɗauraye shi ba ta yi ba, ta nufi tsakar gida da sauri. A gindin mangwaro ta hango ƙwaryar. Yaran maƙwabta sun zagaye ta, suna rige-rigen sabon ludayin, ɗaya har ya kafa kai yana suɗe gefe. Babu abin da ya rage.

Bayan la'asar Gwaggo ta idar da salla, ta kalli rana ta kalli Mudi.

"Ku kama hanya tun da haske. Sauron nan namu ba ya jin magani, kada ya taɓa mini yara."

"Gwaggo, ai da kwana muka zo," in ji Mudi.

"Wani jiƙon. Allah ya kai mu."

Ta shiga ɗaki ta fito da baƙar leda. Tun da Na'ima ta yi aure ba ta taɓa barin gidan nan ba sai da galan na kindirmo, da man shanu a kwalba, da ƙwan zabi cikin dusa. Yau biskit ne a ledar, irin na shagon bakin titi.

"Ga tsarabar yara," Gwaggo ta ce. "A rufe yake tun daga kamfani. Ba hannun da ya taɓa."

Na'ima ta karɓa da hannu biyu, ta kasa ɗaga ido. Suka taka har wurin mota. Mudi ya buɗe but zai gyara kaya, Haula har ta haye kujerar baya. Na'ima ta tsaya da Siddiq a kafaɗa, tana kallon jakar kayan kwana. Sai ta miƙa hannu ta fizgo ta.

"Baban Haula, kai ka je idan kana da uzuri. Gobe ka dawo ka ɗauke mu."

Ba ta jira amsarsa ba ta koma ciki. Ta wuce Gwaggo a tsaye a bakin zaure, ta je gindin randa, ta ɗebo da moɗa ta sha. Ruwan da sanyi, da ƙamshin ƙasa. Ta sake ɗebowa ta kafa wa Siddiq a baki, yaron ya riƙe moɗar da hannu biyu yana zuƙa, ruwa na bin haɓarsa.

Gwaggo ta daɗe tana kallonsu.

"Ku da kuka ƙoshi?" ta ce.

"Yunwa muke ji, Gwaggo." Na'ima ta ajiye moɗar. "Tun safe."

Tsohuwar ta juya. Ta ƙwala wa Kubura kira, ta ce a duba ko akwai sauran gero, a kuma gaya wa Ya'u shanu sun kusa dawowa, ya wanke hannu kafin ya taɓa mata ƙwarya. Sannan ta miƙo hannu, karon farko tun zuwansu, ta karɓi Siddiq.

Daga bakin ƙofa Haula ta leƙo da biskit a hannu. "Mama, yanzu me za mu ce?"

Ke mai yara, duk abin da za ki faɗa a mota, ki fara waiwayawa. Akwai kunnuwa a kujerar baya, kuma ba a nan suke ajiye magana ba.