Yayana Ya Gano Shi Wuta Ne

Yayana malamin tuƙi ne. Yana da mota guda mai birki biyu da allo a kanta, da ɗan ofis mai kujera uku a bakin titi, kuma shi ne shugaban mawaƙa a cocinmu. Tun muna yara bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Idan ya taka ka, kai za ka ba shi haƙuri don ka ajiye ƙafa a hanyarsa. Da can muna kiran abin da sunansa, wato zafin kai da rashin kunya. Shi ma idan ya huce yakan sosa ƙeya, ya sayo wa matarsa wani abu a leda, ya ajiye mata ba magana. Ko ba komai, ya san ya yi laifi.

Wata Asabar aka gayyato mana wata malama ta yi bita a kan sanin kai da girma cikin bangaskiya. Ta zo da na'urar haska bango da murya mai sanyi. Ta ce mutane kashi huɗu ne: Wuta, Ruwa, Iska da Dutse. Ta yi ta jefo tambayoyi, kowa yana latsa amsa a wayarsa: kana son taro ko kaɗaici, kana yanke shawara da kai ko da zuciya. Wayar kowa ta nuna masa kashinsa, ta Yaya ta ce Wuta. Kafin hutun cin abinci malamar ta bayyana kyawawan halayen kowane kashi. Wuta, in ji ta, jagora ne, ba ya tsoro, shi ke buɗe wa sauran hanya. Na waiwaya na ga Yaya yana kumbura a kan benci kamar burodin da aka cika wa yisti.

Bayan hutu ne ta shiga ainihin maganar. Ta ce kowane kashi yana da ramin da yake faɗawa, kuma amfanin sanin kashinka shi ne ka san inda za ka durƙusa ka roƙi taimakon Ubangiji. Wuta tana fara ƙone na kusa da ita, saboda haka tawali'u ne addu'arta ta kullum. Amma Yaya bai ji wannan ba. Yana gama cin abinci ya ɗauki makullinsa ya ce yana da ɗalibi, kuma ai ya riga ya samu abin da ya zo nema.

Ina zaune a gidansu lokacin, a ɗakin baya kusa da kicin, don haka ba labari aka ba ni ba. Washegari da safe ya nemi safarsa bai gani ba, ya ɗaga murya har ƙaramar 'yarsa ta shige bayan labule. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta miƙa masa safar daga cikin takalminsa inda ya cusa ta da kansa.

Ta ce, "Baban yara, ga ta. Amma da ka yi tambaya a hankali."

Ya ce, "Ba za ki gane ba. Ke Ruwa ce. Ni haka Ubangiji ya ƙera ni. Kin taɓa ganin wuta tana raɗa?"

Na ce, "Yaya, ai malamar ta ce..."

"Auta, ke Iska ce, maganarki ba ta da nauyi. Tashi ki ba ni wuri."

Daga ranar ledar ban haƙuri ta daina shigowa gidan. Wa zai ba da haƙuri a kan halitta? Tsawa ta koma kishin Ubangiji, katse mutum ana magana ya koma baiwar shugabanci. Ko a addu'ar safe sai ya ce, "Mun gode maka da ka yi ni Wuta, ka ba waɗanda ke tare da ni ƙarfin ɗaukar zafina." Mu kuma mu ce amin, don ba mu da wata kalmar da ta dace a faɗa ido a rufe.

Kada ma in ɗora masa shi kaɗai, cutar ta kama coci duka. Mai tsaron ƙofa, wanda bai taɓa zuwa kafin a fara sujada ba, ya samu hujja: shi Iska ne, ba a ɗaure iska da agogo. Shugabar zumuntar mata, wadda ta shekara ba ta yi wa ƙanwarta magana, ta ce ita Dutse ce, dutse ba ya zuwa wurin kowa. Da dai mutum yakan ɓoye mugun halinsa kamar yagaggen aljihu. Yanzu kowa ya fito da nasa ya goge, ya rataya a wuya. Ban ji ko mutum ɗaya ya ce, "Ni Ruwa ne, ku yi mini addu'a in daina munafunci" ba.

Sai Yaya ya kai abin cikin mawaƙa. Ya ce tsarin zama bisa murya tsohon yayi ne, daga yau bisa hali za a tsaya. 'Yan Wuta a gaba, 'yan Dutse a baya, sauran a tsakiya. Akwai wani tsohon tela da muke kira Baba Ganga saboda kaurin muryarsa. Da yake wayarsa ta ce shi Wuta ne, aka tsayar da shi a sahun gaba daf da makirufo, tsakanin 'yan mata biyu masu siririyar murya. Wadda ke ja mana baiti kuma, da ta fito Dutse, aka tura ta can jikin bango bayan dogayen maza.

Ran Lahadi aka tashi waƙa. Ba wanda ya ji mai jan baiti, sai kowa ya kama inda ya ga dama. Baba Ganga ya buɗe baki, lasifika ta yi gurnani kamar babbar mota a kan tudu, wani jariri ya tsala ihu. Mai piyano ya bi wannan, ya bi wancan, daga ƙarshe ya naɗe hannu. Yaya kuwa yana ta kaɗa hannuwa, gumi har cikin kwala, kamar mai ba motoci hannu a mararrabar da ba wanda ke kallonsa.

Bayan an tashi, ni da Anti muka sami Fasto a ofishinsa. Anti ba mai kai ƙara ba ce. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta ce, "Baba, ka yi wa ɗanka magana. Yaran nan sun fara tsoronsa."

Fasto ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "'Yata, na ji ki. Amma kin san ni ma Ruwa ne. Ba a halicce ni don fito-na-fito ba. Mu sa shi a addu'a."

Muka fito. A bakin ƙofa Anti ta ce, "Auta, ashe makiyayin ma an yi masa gwajin." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ban taɓa jin ta yi wa wani ba'a ba sai ranar.

Abin da Fasto ya kasa, wata ɗaliba ce ta yi shi ba da niyya ba. Matar wani mai kantin fenti ce, mai tsoron ko da ƙarar odar mota. Yaya ya riga ya yanke cewa ita Ruwa ce, kuma ruwa sai an tafasa shi yake aiki. Ya kai ta filin da suke koyon ja da baya, ya fita daga motar ya tsaya a bayanta don ya nuna mata, ya bar birkinsa ba kowa. Ta fara tahowa a hankali. Ya buga bayan motar da tafin hannu, ya daka mata tsawa: "Taka! Taka mana, baiwar Allah!" Bai ce me za ta taka ba. Ta taka wanda ƙafarta ta samu.

Ƙafarsa ta dama ta karye a wuri biyu. Aka sa masa filasta daga cinya har idon sawu, aka dawo da shi gida, aka shimfiɗe a falo don ɗakin kwana ya yi masa ƙunci.

'Yan coci suka zo dubiya a makon farko, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ya kira mai tsaron ƙofa ya zo ya taimaka a kai shi asibiti, aka ce to, aka iso bayan likita ya tashi. Shugabar zumunta ta aiko a ce masa tana nan tana tuna shi daga inda take. Mawaƙa suka koma tsayuwarsu ta da ba tare da sun nemi izininsa ba. Ya yi ta jan tsaki yana cewa mutane ba su da ƙauna. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Anti ce ta yi komai. Ita ke ɗaga shi, ita ke goge masa jiki, ita ke fitar da fo. Wata rana ina yanka albasa a kicin, ƙofa a buɗe, na ji ya ce da ita a hankali, "Sannu, Maman yara. Na wahalar da ke." Wuƙar ta tsaya a hannuna. Na ga Anti ta sunkuyar da kai, idonta ya kawo ruwa. Na ce a raina, to, Ubangiji ya taɓa shi.

Da ya yi shiru a nan, da ya tsira da mutuncinsa. Sai ya ƙara da cewa, "Kin san na sake yin gwajin nan a waya. Ashe kuskure aka yi. Ni Ruwa ne tun asali, irinku. Shi ya sa zuciyata ke da taushi haka."

Anti ta matse tawul a cikin bokiti, ta ɗauka ta fita.

An cire filastar tuntuni, yana takawa ba ko sanda. Amma bai koma aiki ba, don ya ce hayaniyar titi ba ta dace da mai hali irin nasa ba, yana bukatar natsuwa ya saurari Ruhu. Anti ce ta karɓi makullin motar. Ta je ta yi jarrabawar koyarwa ta ci, kuma ɗalibai mata sun yi mata yawa har tana mayar da wasu. Da asuba take fita, ta dawo da yamma ƙafa a kumbure, ta same shi a kan doguwar kujera da waya a hannu.

Jiya ta roƙe shi ya ɗauko yara daga makaranta. Ya ce zai yi addu'a a kai ya ga ko zuciyarsa ta ba shi. Ni na je na ɗauko su.