Gemun da Wuta ta Lasa

Ana saura kwana kaɗan auren jikarsu, wuta ta lashe gefen hagu na gemun tsoho Bai Shouren, yana tsaka da hura murhun miyar rago a shagonsa da ke birnin Kaifeng. Gefen dama kuwa na nan har ƙirji, fari tas.

Matarsa Hai Guizhi, wadda ke jan salla da koyarwa a masallacin mata na unguwar, ta dube shi ta ce, “Maigida, kawo almakashi in daidaita maka.”

“Kul! Annabi ya ce a bar gemu. Ko gashi ɗaya ba za a taɓa ba.”

“To haka za ka tsaya gaban surukai, kamar bunsurun da ya tsira daga gobara?”

Ya yi kunnen uwar shegu. Da la'asar sai ga amininsa Ding, mai sayar da shayi, ya shigo yana ɗaga wayarsa.

“Yaya, na samo mafita! Ga hadisi nan, Annabi da kansa yana rage gemunsa ta tsawo da faɗi.”

Guizhi ta san wannan ruwayar tun tana ɗaliba. Da ta gyaɗa kai kawai, da gardama ta ƙare, domin mijinta bai taɓa musa mata a kan karatu ba. Amma ta karɓi wayar ta duba, ta miƙa wa Ding abarsa.

“Ƙanina, wannan ba ta inganta ba. A cikin waɗanda suka ruwaito ta akwai mutum ɗaya da malaman hadisi suka ƙi amincewa da shi, kuma ta hanyarsa aka san ta.”

“Haba Malama! Ke fa nake taya yaƙi.”

“Ba na jingina wa Annabi abin da bai tabbata ba, ko da zai yi min daɗi.”

Shouren ya washe baki yana shafa rabin gemunsa. “Ka ji ko? Je ka dafa shayinka.”

“Kai ma dakata,” in ji ta. “Umarnin barin gemu ingantacce ne, babu ja. Amma sahabin da ya ji shi daga bakin Annabi, Abdullahi ɗan Umar, ya tabbata cewa in ya yi aikin Hajji ko Umra yakan damƙi gemunsa ya yanke abin da ya wuce damƙar. Ka fi shi fahimtar abin da ya ji ne?”

Tsohon ya juya ya dubi tukunya. Can ya kai hannu ya damƙi gemun, ya ɗaga haɓa.

“Da hannuna za a auna, ba naki ba. Naki ƙarami ne.”

Ding ya riƙe madubi yana dariya, ita kuma ta yanke daidai ƙasan yatsun, ta share ƙonannen gefen. Ranar aure Shouren ya zauna kusa da liman, ya ci abincinsa hankali kwance, duk wanda ya tambaye shi ina sauran gemun sai ya ce ya je ya tambayi Malama.