Katun a Ɗakin Mama Odette

Jakin da ke cikin talabijin ya durƙusa, mai tallar nono ta ciccibi baƙon da ya faɗi a bakin hanya ta aza masa a baya. Yara huɗu da ke zube a tabarma suka ɗauki tafi kamar yau suka fara gani. Lubabatu kuwa tana rakuɓe a bakin ƙofa ta kasa kunne, don ba nishaɗi ya kawo ta ba. Mijinta Abdussalamu ne ya aiko ta, ta gano masa abin da 'yarsu Sahura mai shekara biyar take kallo kullum la'asar a ɗakin maƙwabciyarsu.

Mama Odette Kirista ce, tsohuwar ungozoma. Ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a Dogon Dutsi kafin ciwon zuciya ya kwantar da ita. Rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo, har da Sahura. Katun ɗin ma matan majami'arsu ne suka kawo mata don ya ɗebe mata kewa, sai ya zama na yara.

Ran nan tana kishingiɗe da rimot a kan ciki, gyangyaɗi ya ɗauke ta. A talabijin an kai baƙon gida, an ba shi kunu, ya miƙe garau. Daga nan mai tallar nonon ta haɗa hannuwa, wata murya ta fara addu'a da sunan Yesu, da Hausa tsantsa. Tsohuwar ta farka firgigit, ta lalubi rimot ta kashe.

"Wayyo, barci ya ci amanata," in ji ta.

Lubabatu ba ta tsaya tambayar abin da take nufi ba. Ta kama hannun 'yarta suka fita.

"Mi kika gani?" in ji Abdussalamu, yana wanke baƙin mai a hannunsa, don gyaran babur yake yi a bakin tasha.

"Labarin dai taimako ne, Malam, babu aibu ciki. Amma ƙarshe akwai addu'arsu."

"To magana ta ƙare. Ɗiya ƙarama, abin da taj ji shi za ta riƙe. Fatiha ma ba ta zamna mata ba tukuna. Kada ta koma."

Abdussalamu ba mugu ba ne. Shi ke goya Mama Odette a babur zuwa asibiti, ko da rana ta take. Sai dai yana cikin mazan da in suka ce a'a sau ɗaya, suna jin kunyar cewa e fiye da kunyar komai. Ita ma Lubabatu bakinta bai zauna ba. Ta saki zancen a bakin famfo, kafin kwana biyu sauran iyaye sun janye 'ya'yansu.

Sahura ta yi kuka har muryarta ta dushe. Lubabatu ta ci gaba da kai wa tsohuwar kunu kowace safiya, kamar yadda ta saba. Mama Odette ba ta taɓa tambayar dalili ba. In Lubabatu ta yi sallama, sai dai ta kai ido bayanta, ta duba ƙofa, sannan ta ce, "Mutan gida lahiya?" Wannan kallon ya fi faɗa ciwo, kuma Lubabatu ta ji kunyar kanta ƙwarai.

Bayan kwana takwas aka kai tsohuwar asibiti aka dawo da ita da yamma. Likita ya ce a bar ta ta huta a gida, kowa kuma ya gane. Da Lubabatu ta je dubiya, 'yar ƙanen tsohuwar, Huguette, wadda ta zo jinya daga Dosso, ta raka ta ƙofa.

"Maman Sahura, ina yaran? Tanti tana ta lissafinsu da suna."

Lubabatu ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta faɗi gaskiya. Huguette ta riƙe baki.

"Ai Tanti ba ta taɓa bari su ga wurin nan ba. Shekara biyu, da mutumin cikin fim ɗin ya tashi take kashewa. Cewa take iyayensu ba su aiko su koyon addu'a ba."

Da Lubabatu ta koma gida ta jawo Sahura. "Ke, in mutumin nan ya tashi, sai mi?"

"Sai Kaka ta ce fim ya ƙare, kowa ya tahi ya taya innatai aiki."

Ta kwashe duka ta faɗa wa mijinta, har da maganar likita. Ya murza gemu. "Bari in yi shawara," in ji shi. Da wa zai yi shawarar, Allah kaɗai ya sani. Kwana biyu ya ɗauka yana yi, numfashin tsohuwar kuwa yana ta ƙara nauyi.

Ran Litinin da hantsi, ya tura babur har ƙofar gida, sai ya tsaya bai waiwayo ba.

"Luba, ki kai ɗiyar nan ta gaishe ta. Amma ban da tele." Ya buga babur bai tashi ba, ya sake bugawa. "In ma ta kunna, ki ƙyale."

Taku ashirin ne daga ƙofarsu zuwa gadon Mama Odette. Amma Lubabatu ta dubi Sahura, ga ƙafa furu-furu, ga kai a tsefe tun jiya. Tun safe matan majami'a suke shiga gidan da zannuwansu a goge. Ina uwar da za ta kai 'yarta gaida mara lafiya gaban baƙi a haka? Ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta ciro rigar Sallah daga akwati. Sannan ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta a gindin itacen bedi, ta ɗauko mataji da tsinken kitso.

"Inna, mu tahi haka nan mana."

"Yanzu za mu gama. Ki bari Kaka ta gan ki tsab."

Ta yi layi bakwai, saura uku, sai waƙa ta taso daga ƙetaren katanga. Muryoyin mata ne, a hankali, ba tafi ba ganga. Can cikinsu muryar Huguette ta karye. Hannun Lubabatu ya tsaya cak. Ta karanta innalillahi a zuci.

Sahura ta ɗago kai. "Inna, kin ji? Sun kunna wani fim ba ni. Ki yi maza!"

Lubabatu ta mayar da kan yarinyar ƙasa a hankali.

"Tsaya da kai daidai," ta ce.

Ta tsaga layi na takwas da tsinke, ta raba gashin uku, ta ci gaba da kitsawa.